Igiya Lamba Ɗaya

Ina da wani ɗan hali da matata ta shekara ashirin tana yaƙi da shi ba ta ci nasara ba: idan na gaisa da mutum, idona kan auna tsawonsa da faɗin kafaɗarsa kafin bakina ya gama tambayar iyali. Ba mugunta ba ce. Shekara talatin ke nan ina haƙar kabari a tsibirin Tarsay a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma aiki yakan bi mutum har cikin gaisuwa. Don haka ranar da Murdo Beaton ya sauko daga jirgin fito, jama'a na ta "ga ɗan fim, ga ɗan fim", ni abin da na gani ƙafa shida da inci ɗaya ne, da kafaɗa irin ta ubansa sak. Amma labarin ba nawa ba ne, nasa ne. Ni shebur kawai na riƙe.

Murdo ya bar tsibirin yana da shekara sha takwas, da akwatin kwali ɗaya da harshen mutanen tsibiri a bakinsa. Malaman makarantar wasan kwaikwayo a Glasgow suka shekara uku suna kankare masa harshen nan har ya fita tas. Sannan masu fim na Landan suka shekara talatin suna roƙonsa ya mayar da shi duk sanda suke neman mashayi, ko ɗan sanda mai fushi, ko wani mai gemu da zai daka tsawa daga kan doki. Ya mutu sau goma sha tara a gaban kyamara. An harbe shi, an soke shi, an jefo shi daga kan ganuwa, sau ɗaya ma miya ce ta kashe shi. Mutanen Tarsay ne ke ƙirgawa, kuma ba sa kuskure. A kudu kuwa, wajen su Landan, yana cikin 'yan wasan nan da aka san fuskarsu ba a san sunansu ba. A jirgin ƙasa sai mace ta ƙura masa ido ta ce, "Ba kai ne ka cire wa 'yata haƙori ba?" Shi kuma ya ce shi ne, yaya jikin nata.

Duk wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya ne ke cinsa, shekara ashirin da biyu ke nan.

Ubansa, Roddy Beaton mai kamun ƙaguwa, ya rasu wata Talata a watan Fabrairu. A lokacin Murdo na can cikin duwatsun ƙasar Sifen sanye da kakin hafsan soja, a fim mafi girma da aka taɓa sa shi. Yayarsa Ishbel ta buga waya ta ce jana'iza ran Juma'a. Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tafi mana, uba ai uba ne, sai dai kakin ba zai zauna babu mutum a ciki ba. Murdo ya koma kan waya ya gaya wa Ishbel babu jirgin sama. Akwai jirgi. Har yau ya san lokacin tashinsa, bakwai saura kwata na safiyar Laraba. Fim ɗin ya fito aka yaba, daga nan ne ma aka fara nemansa, wanda hakan ya ƙara wa abin muni.

A wurinmu igiya takwas ake ɗaura wa akwatin gawa, kowace da lambarta a ɗan kati, kuma a bakin kabari mai shirya jana'iza ke kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaya a wajen kai take, ta babban ɗa namiji ce. A wancan zamanin mata ba sa zuwa maƙabarta, gida suke zama da tukunyar shayi da kuka. Ishbel ta zura kwat ɗin uban, ta bi bayan maza har bakin rami, da aka kira lamba ɗaya ta fito ta kama. Ba daga bakinta Murdo ya ji ba. A bakin mutum huɗu ya tsinta, kowa da nasa gishirin. Tun daga nan hoton bai bar shi ba: 'yar mitsitsiyar mace, iska na kaɗa kwat ɗin da ya yi mata yawa, igiya na cin tafin hannunta, nauyin ƙato kamar Roddy na janta zuwa rami, a daidai inda shi ya kamata ya kafa ƙafa.

Ishbel ba ta taɓa yi masa gori ba. Da ta yi da ya huta. Kowace Kirsimeti sai safa da ta saƙa da hannunta, kowace Asabar ta farkon wata sai waya: ruwan sama, tumaki, wa ya mutu, wa ya kamata a ce ya mutu amma yana nan. Da zarar ya ce, "Yaya, ranar nan ta Baba..." sai ta ce butar shayi na tafasa. Shekara ashirin da biyu butar nan ba ta sauka daga wuta ba.

Shi ya sa ya rubuta fim da kansa, ya shekara tara a kansa, kuma karon farko shi ne darakta. Labarin wani mutum ne da ya dawo daga birni ya binne ubansa, ya kama igiya ta ɗaya. A Landan aka ce kai, ina ya samo wannan tunani? A Tarsay kuwa, kafin jirgin fito ya juya kowa ya gane. Ba lambar yabo yake nema ba. So yake Ishbel ta tsaya ta gan shi riƙe da igiyar nan, ko da ta wasa ce, ko bakinta zai buɗe.

Ya same ta a kicin tana feraye dankali, ta ba ƙofa baya.

"Sannu da aiki, Yaya."

"A'a, gawa sha tara. Wannan karon wa zai kashe ka?"

"A wannan ba na mutuwa."

"To, an ci gaba." Ta nuna masa kujera da wuƙar. "Ba waccan ba."

Waccan ta uban ce, ta kusa da murhu. Ya zauna a ɗayar, wadda ya bari tun yana saurayi, ya ji har yanzu ƙafarta ɗaya na rawa. Ɗakin bai canza ba. Warin hayaƙin murhu da na rigar ulu mai jiƙa, agogon bango da ke gaba da minti goma, tagar da ke kallon inda uban ke ɗaure jirginsa. Shi da ya tsaya gaban mutum dubu yana magana muryarsa ba ta girgiza ba, sai da ya gyara murya sau biyu.

"Ran Alhamis za mu ɗauki wajen maƙabarta. Ina so ki zo."

"Alhamis nake wanki."

"Ki ɗaga zuwa Juma'a."

"Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin an ɗaga wanki saboda wasan kwaikwayo?"

"Ba sai kin yi komai ba. Ki tsaya a bakin katanga kawai."

Ta jefa dankali a ruwa, ta ɗauki wani. "Mata ba sa zuwa maƙabarta, Auta. Ka daɗe a kudu."

Ta faɗa ko murmushi babu. Ya buɗe baki, ita kuma ta riga ta juya wajen buta.

Akwatin, Baba Hector ne zai yi. Shekararsa tamanin da huɗu, shi ne kafintan tsibirin, shi ne kuma ya shirya jana'izar duk wanda ya mutu a nan tun kafin a kawo lantarki. Murdo ya je rumfarsa tare da Rhona, mai ɗaukar hoto, wata 'yar Glasgow mai furfura da ta yi aiki a ƙasa goma sha biyu tana ganin ta ga komai.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, fensir a bayan kunne. Sannan ya ce, "Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Baba Hector. Fim ne."

"Na ji. Amma wa ya mutu?"

"Calum sunansa."

"Calum ɗan wa?"

Shekara tara Murdo na rubutu, bai taɓa yi wa Calum uba ba.

"Ka gani?" in ji tsohon, ya juya wajen Rhona. "Ya zo a raba igiya takwas a kan mutumin da ba shi da asali. Wa zai kama ta biyu? Ƙaninsa na da rai? Suna magana da surukinsa, ko sai dai a raba su, wannan a dama wannan a hagu? Ni ba na aikin ganganci, yarinya."

Rabon da a ce wa Rhona yarinya an fi shekara talatin. Ta zauna a kan katako ta ciro alƙalami. Kafin la'asar Calum ya sami uba da kaka, da ƙane a Kanada wanda ba ya aiko da wasiƙa, da wata tsohuwar rigima da maƙwabci a kan shinge. Sai Baba Hector ya ce ba za a ɗauki akwati fanko ba, don kafaɗa ba ta iya ƙarya, kowa zai gane. Yaya ƙirar jikin Calum take?

"Dogo ne," in ji Murdo. "Faffaɗan ƙirji. Kafaɗar dama ta ɗan fi sauka, saboda jan igiyar tarko."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe. "To," ya ce. "Na san awon."

Ni ma na san shi, awon Roddy ne. A sabon fili na haƙa ramin, bayan tsohuwar katanga, inda ba a fara binne kowa ba tukuna.

Ranar Alhamis maza arba'in suka taru a ƙofar gidan da aka ara, cikin baƙaƙen kwat da huluna. Mai kula da tufafi ta zo da kaya cike da mota, ba ta buɗe ko jaka ɗaya ba. An cika akwatin da buhunan abincin tumaki da duwatsu biyu, aka ɗora a makara. Maza suka jeru sahu biyu kamar yadda aka saba, na gaba su kama, su yi 'yan taku, su sakar wa na bayansu, su koma ƙarshen layi. Ba wanda ya koya wa wani. Murdo ya leƙa ta cikin kyamara. Sannan ya ɗaga kai ya duba katangar maƙabarta can nesa. Babu kowa sai tunkiya ɗaya.

Tafiya ta yi kyau har kwanar hanya. Nan motar burodi ta ɓullo daga bayan tudu, ja wur, ta shigo tsakiyar hoto, direban har da cire hula.

"Yanke!" in ji Rhona. "A koma farko, don Allah."

Ba wanda ya motsa.

"Jama'a, baya kaɗan. Taku ɗari ne kawai."

Baba Hector ya tako da sandarsa. "Gawa ba ta komawa baya."

"Baba, abincin tumaki ne a ciki!"

"A cikin akwati yake ko ba a ciki yake ba?"

"To a ajiye, mu sa a mota a mayar."

Wani daga cikin layi, Norrie abokin aikina, ya ce, "Haba, baiwar Allah. Calum da ko a raye bai yarda da mota ba?" Mutum biyar suka gyaɗa kai. Kwana uku ke nan da haihuwar Calum, har ya yi hali.

Rhona ta ja Murdo gefe. "Kai ne darakta, kuma mutanenka ne. Yi musu magana da yarensu."

Ya san maganar ba za ta yi amfani ba, ya kuma yi mamakin yadda ya manta da wannan al'adar. Hanya ɗaya ce ta komawa farko: a ci gaba, a bi ta bakin teku yadda rana ke bi, a zagayo ta bayan coci. Mil biyu da rabi. Rhona ta zauna a kan akwatin kyamara ta dafe kai. Murdo kuwa ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya shiga ƙarshen layi.

Babu kyamara a wannan zagayen, kuma shi ne abin da ya fi tunawa. Layi ya matso da shi gaba a hankali, har hannun makara ya zo hannunsa, nauyin ya sauka a kafaɗarsa, ya yi takunsa ya sakar wa na baya. Teku na gefen dama, toka-toka, tana bugun duwatsu. Maza na magana ƙasa-ƙasa kamar yadda suke yi idan tafiya ta yi tsawo, ba da shi suke ba, ba kuma ɓoye masa suke ba.

"Nan ne Norrie ya zame ranar Roddy."

"Ban zame ba. Ture ni aka yi."

"Ruwan ranar nan! Har cikin takalmi."

"Shi kuwa Roddy da ya ce ba ya son ruwa ya taɓa shi in ba na gishiri ba."

Aka yi 'yar dariya ta cikin hanci. Murdo ya sunkuyar da kai yana tsintar kowace kalma. Nan gidan da uban ke sayen taba, ga shi yanzu babu rufi. Nan dutsen da yake zama yana gyaran tarko, yana waƙar da ba ta da ƙarshe. A ɗakunan haya na Landan ya sha rufe ido ya bi hanyar nan taku-taku, amma a can babu sanyi, babu ciwon kafaɗa, babu wanda ya zame. Da za a ce masa a yi ta zagayen har duhu, da ya yarda.

Kuma kusan hakan aka yi. A ɗauka ta biyu karen fasto ne ya shigo yana haushi. Aka sake zagayawa. Sai a ta uku aka wuce kwana lafiya, aka shiga ƙofar maƙabarta, rana ta riga ta karkata, gajimare na taruwa daga yamma. An ɗora makarar a kan kujeru biyu, maza na miƙe baya. Rhona ta zo da fuskar wadda ta koyi darasi.

"Bari in tambaya tun kafin a kunyata ni. Idan akwatin nan ya shiga rami, yana fitowa?"

"Ba ya fitowa," in ji Murdo.

"Na sani. Ɗauka ɗaya ke gare mu ke nan, kuma hasken minti ashirin. Ka kama igiyarka, ka yi kukanka, mu tafi. Wace ce waccan?"

Ishbel ce a bakin katanga, da rigar ruwa a kan kayan wankinta, da manyan filas biyu. Ba Murdo take kallo ba. Tana zuba wa maza shayi tana faɗa. "Mutum arba'in tun safe ba ko ruwan zafi. A Landan haka ake yi? Norrie, riƙe da hannu biyu, ba giya ba ce."

Murdo ya ɗauke idonsa daga kanta. Ya je ya tsaya inda aka yi masa alama, taku uku daga kan ramin. An miƙa wa Baba Hector katuna takwas da sunayen dangin Calum, na farko sunan da Murdo ke amsawa a fim. Kyamara ta fara.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, Baba Hector bai taɓa karanta kati a bakin kabari ba. A kansa yake riƙe da su, jana'izar shekara sittin, kowace da jerinta. Ga shi ya gaji, an yini ana yawo da shi. Ya ɗaga ido ya ga fuskokin nan, ya ga iskar nan, ya ga akwati mai awon da ya sani. Ya cire hula, ya sa katunan a aljihu, ya ɗaga murya.

"Lamba ɗaya. Ishbel Beaton."

Murdo ya riga ya ɗaga ƙafa. Haka ta tsaya a sama. Rhona ta zaro ido daga bayan kyamara tana kallonsa. Kalma ɗaya ce, "yanke", tana kan harshensa, kuma shi ake jira ya faɗe ta. Idan ya faɗa, za a gyara, tsohon zai ba da haƙuri, a kira shi ya kama igiyarsa, shekara tara ba su tafi a banza ba. Ya dubi katanga. Ishbel ta tsaya cak da murfin filas a hannu.

Ya sauke ƙafar a inda take. Bai faɗe ta ba.

Ta ajiye murfin a kan katanga. Ta goge hannu a jikin riga, ta tako, maza suka dare mata hanya ba tare da sun dubi juna ba. Ta zo wajen kai ta sunkuya ta ɗauki igiyar, ta naɗe ta sau ɗaya a hannu. Baba Hector ya ci gaba da jerin ranar Roddy, suna bayan suna. Biyu daga cikin waɗanda ya kira suna kwance a bayan katangar nan, ni na rufe su. Da aka kira na farko, sai ɗansa ya fito ya kama. Na biyun ma haka.

Murdo na tsaye taku uku daga ramin, hannu babu komai. Mutumin da ke iya zubo hawaye ta idon da darakta ya zaɓa, yau fuskarsa ta manta aikinta. Ga shi dai a jana'izar ubansa, ya iso, kuma babu igiyarsa a ciki. Akwatin ya fara sauka. Bai ga fasto ba, bai ga kyamara ba, bai ga kowa ba. Hannunta kawai yake kallo, jajaye saboda wanki da sanyi, da igiyar da ke zamewa a cikinsu a hankali.

Akwatin ya taɓa ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya maza suka saki nasu, igiyoyin na faɗawa kan murfi. Saura ta wajen kai. Ishbel ba ta saki ba. Iska ta kaɗa, aka jira, ba ta saki ba. Sannan ba tare da ta waiwayo ba ta ce,

"Auta. Zo riƙe mini, zan fyace hanci."

Taku ukun nan, ya ce mini daga baya, bai san yadda ya yi su ba. Igiyar ta jiƙe, amma inda ta riƙe da ɗumi. Ta ciro hankici ta fyace da ƙarfi, har aka ji a na'urar sauti.

"A hankali ake saki," in ji ta. "Ba jifa ba ne."

Ya buɗe hannu. Igiyar ta sauka ta kwanta a kan 'yan uwanta.

Ba wanda ya ce a yanke. Rhona ce ta kashe kyamara don kanta da ruwa ya fara sauka. Baba Hector ya mayar da hula ya ce mata, "Na yi daidai, yarinya?" Ta ce, "Daidai, Baba," ta juya tana goge gilashin kyamarar da bai jiƙe ba.

Maza suka koma wajen shayi. Su biyun suka rage a kan ramin, ni kuma ina gefe da shebur, ina yi kamar ina duba bakinsa.

"Yaya," in ji Murdo. "Akwai jirgi."

"Bakwai saura kwata. Na buga na tambaya tun ranar."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Ni zan yi maka aikinka?" Ta ninke hankicin. "Da ka zo ma da ka ɓata mana tsari. Kuka za ka yi ta yi mai kyau, kowa ya bar Baba yana kallonka."

Ya yi wata dariya da ta karye a tsakiya. Ruwa na ta buga murfin akwatin Calum. Can ya tambayi abin da ya shekara ashirin da biyu yana tambayar kansa.

"Da nauyi?"

Ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta rufe. "Da nauyi," in ji ta.

Ta ɗauki filas ɗaya ta miƙa masa ɗayan, suka nufi ƙofa. Ina jin muryarta har suka kai hanya, tana ba shi ranar daga farko: yadda miya ta ƙare kafin rabin mutane su ci, yadda fasto ya kira uban da sunan wani, yadda ta sami alewar na'ana'a uku a aljihun kwat ɗin, ta shanye su a bakin kabari don kada ta faɗi. Shi kuma ya rage tsawonsa, ya karkato da kai wajenta, yana tafiya da ƙananan taku don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

Norrie ya tofa yawu a hannu, muka fara turo ƙasa.

Igiyoyin nan takwas ado ne, ko nauyin kaza ba sa ɗauka. Da ɗamara biyu masu kauri ake sauke akwati, mu ma'aikatan hukuma huɗu daga gefe. Mu muka sauke Calum, mu muka sauke Roddy.